Binciken Gwamnati a Kan Haƙar Ma'adinai da Tsaron Rayukan Mahaƙa: Darasi Daga Amurka



GABATARWA

Abin da wannan lacca za ta tattauna a kai shi ne aikin da gwamnati take yi, ko kuma ya kamata ta yi, wajen binciken ilmi a kan haƙar ma'adinai, da tace su, da kare rayukan mutanen da suke shiga ƙarƙashin ƙasa don su haƙo su. Magana ce mai faɗi ƙwarai, saboda haka aka ga ya fi kyau a ɗauki misali guda ɗaya a bi shi tun daga tushe har ƙarshe. Misalin kuwa shi ne Hukumar Ma'adinai ta Amurka, wadda aka kafa a shekarar 1910, aka rufe ta a 1996. Tun da yake ta riga ta gama zamaninta, ana iya zama a auna abin da ta yi da abin da ya gagare ta, kamar yadda akan auna mutum bayan ya kwanta dama.

Tambayoyi uku za a bi. Na farko, me ya sa gwamnati ta tsoma hannu cikin al'amarin da a da aka bar wa kamfanoni? Na biyu, me binciken ya gano? Na uku, me ya hana ilmin da aka samu ya yi amfani nan da nan? Daga ƙarshe za a waiwayo gida, don a ga inda wannan labari ya shafi Nijeriya.

YADDA ABIN YA FARO

A farkon ƙarni na ashirin, kwal shi ne ginshiƙin masana'antun Amurka. Da shi jiragen ƙasa da na ruwa suke tafiya, da shi ake narka ƙarfe, da shi kuma mutane suke ɗumama gidajensu lokacin sanyi. Mahaƙansa sun kai wajen 680,000 a shekarar 1907, da yawa daga cikinsu baƙi ne da suka zo neman abinci daga Italiya da ƙasashen gabashin Turai, waɗansu ma ko Turanci ba su ji sosai. Akan biya mahaƙi ne gwargwadon nauyin kwal ɗin da ya loda. Ke nan duk lokacin da ya ɓata wajen tokare rufin rami da katako, ko wajen share wurin aikinsa, hasara ce a aljihunsa. Tsarin biyan kansa yana tura mutum ga ganganci.

Ranar 6 ga watan Disamba, 1907, ramuka biyu da suke haɗe da juna suka fashe a garin Monongah na jihar West Virginia. Lissafin hukuma ya ce mutum 362 suka mutu. Bayan kwana goma sha uku kacal, watau ranar 19 ga watan, ramin Darr a jihar Pennsylvania ya fashe, ya ci mutum 239. Da shekara ta ƙare aka haɗa lissafi, sai aka tarar mahaƙan kwal 3,242 ne suka rasa rayukansu a bakin aiki. Ba Amurka kaɗai ba ce take cikin wannan hali, domin a watan Maris na 1906 fashewar ramin Courrières a arewacin Faransa ta kashe mutum 1,099. Jama'a ba su gama jimamin Monongah ba, sai ga gobarar ramin Cherry a jihar Illinois cikin watan Nuwamba na 1909, inda wutar fitilar kananzir ta kama ciyawar alfadarai a ƙarƙashin ƙasa, mutum 259 suka halaka.

Wannan ne ya tilasta wa Majalisar Dokokin Tarayya ta yi dokar kafa Hukumar Ma'adinai a cikin watan Mayu na 1910, a ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida. Aka naɗa Joseph Holmes, masanin ilmin duwatsu, ya zama shugabanta na farko. To, amma akwai wani abu a cikin dokar da ya kamata mai sauraro ya riƙe shi da kyau, gama za a komo gare shi a gaba. An ba hukumar iznin bincike da koyarwa da ba da shawara, amma an hana ta ikon duba ramuka ko tilasta wa kowa bin shawararta. Jihohi sun ce wannan hakkinsu ne, masu ramuka kuwa ba su son baƙon ido a harkarsu. Ma'aikacin hukumar ba ya shiga rami sai in mai shi ya yarda.

RAMIN GWAJI DA MAGANAR ƘURA

Tambaya ta farko da aka fuskanta ita ce, mene ne ainihin abin da yake fashewa a cikin rami? Kowa ya san iskar metan, wadda take tsattsafowa daga jikin kwal. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma idan ta kai tsakanin kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari na iskar rami, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashe ta. Sai dai metan kaɗai ba ta bayyana yadda wuta takan faro a lungu guda, ta ratsa rami mai tsawon mil da yawa, ta kashe mutanen da suke nesa da inda iskar ta taru.

Tun a shekarar 1844, bayan fashewar ramin Haswell a Ingila, Michael Faraday da Charles Lyell sun yi nuni da cewa ƙurar kwal tana da hannu a ciki. William Galloway ya ci gaba da gwaje-gwaje a kan haka a ƙasar Wales daga shekarun 1870, Faransawa kuma suka buɗe tashar gwaji a Liévin bayan masifar Courrières. Duk da haka masu ramuka da manajojinsu a Amurka, har da mahaƙa da yawa, ba su yarda ba. Sukan ce gwajin da aka yi a cikin bututun ƙarfe daban yake da rami na gaske.

Hukumar ta ga babu abin da zai kashe wannan gardama sai gani da ido. Saboda haka ta yi hayar fili a Bruceton, kudu da birnin Pittsburgh, ta haƙa ramin kwal na gaske wanda ba a nufin sayar da ko kwando ɗaya daga cikinsa. An haƙa shi ne musamman don a riƙa fasa shi da gangan ana aunawa. A ƙarshen watan Oktoba na 1911, a ƙarƙashin babban injiniyan hukumar, George Rice, aka tara jama'a, aka barbaɗa ƙurar kwal a cikin ramin ba tare da metan ba, aka tashi nakiya. Wuta da hayaƙi suka yi tsartuwa daga bakin ramin a gaban kowa. Gani ya kori ji.

Yadda abin yake faruwa shi ne, ƙaramar fashewa takan tura iska mai ƙarfi a gabanta. Iskar ta ɗaga ƙurar da take kwance a ƙasa da bango da kan katakai. Harshen wuta ya biyo baya ya kama ƙurar, wannan ya haifar da sabuwar iska mai ƙarfi, ita ma ta ɗaga ƙurar da take gaba. Haka wutar za ta yi ta ciyar da kanta har iyakar inda ƙura ta kai. Waɗanda suka tsira daga wutar kuwa, sau da yawa iskar da ta biyo baya ce take kashe su, watau kabon monoksaid, irin wadda take halaka mutanen da suka kwana da garwashi ko janareta a rufaffen ɗaki.

Da aka gane ciwon, sai maganin ya zo da araha. Idan aka niƙa dutsen farar ƙasa ya yi laushi, aka watsa garin a bango da rufi da daɓen rami, to, in iska ta ɗaga ƙurar kwal sai ta ɗaga garin dutsen tare da ita. Garin ba ya cin wuta, sai ma ya shanye zafin, wutar ta mutu a hanya. Turawan Ingila da Faransa sun riga sun fara wannan dabara. Aikin Bruceton shi ne ya auna, ta hanyar maimaita gwaji shekara da shekaru, yawan garin da ake bukata ga kowane irin kwal. Daga nan ne aka sami ƙa'idar da ta daɗe ana aiki da ita, cewa kashi 65 cikin ɗari na ƙurar hanyar shigar iska, da kashi 80 na hanyar fitarta, lalle ne su zama abin da ba ya ƙonewa. Bayan fashewar ramin Upper Big Branch a 2010, wadda ta kashe mutum 29, aka mai da ƙa'idar kashi 80 a ko'ina, domin an gano injunan zamani suna fitar da ƙura mai laushi fiye da ta da.

NAKIYA DA FITILA DA RUFIN RAMI

Abu na biyu shi ne kawar da tushen tartsatsin. A wancan zamani da albarushi ake fasa kwal, shi kuwa harshen wutarsa dogo ne, yana kuma jimawa. Aka shiga gwada nakiyoyin da kamfanoni suke sayarwa ɗaya bayan ɗaya, a cikin wani dogon bututu cike da metan ko ƙura. Wadda ba ta tashi wuta ba sai a sa sunanta cikin jerin waɗanda aka amince da su. Haka aka yi wa fitilu da injunan lantarki. A shekarar 1915 aka amince da fitilar batir ta Edison wadda ake maƙalawa a hula, sannu a hankali ta maye gurbin fitilar mai da ta kabaid masu buɗaɗɗen harshe. Amfanin wannan tsari a bayyane yake. Mai saye ba shi da hanyar gwada kaya da kansa, kuma ba zai gaskata bakin mai talla ba, amma zai gaskata hatimin wanda ba shi da riba a cinikin.

Hukumar ta kuma gyara taragun jirgin ƙasa ta mai da su makarantu masu yawo. Sukan tsaya a garuruwan mahaƙa a koyar da taimakon farko da yadda ake amfani da na'urar numfashi, in hatsari ya auku kuma a garzaya da su wurin. Masu aikin ceto sukan shiga da tsuntsun kanari a keji, bisa shawarar da likitan nan na Birtaniya, John Haldane, ya bayar tun a shekarun 1890, domin guba takan kayar da ƙaramin tsuntsu kafin ta kayar da mutum. Gwanintar da hukumar ta samu a kan iska mai guba ce ta sa aka danƙa mata aikin binciken takunkumin kare sojoji a 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Wani abin lura ya fito ne daga lissafi kawai. Da aka fara tattara labarin kowace mutuwa da sanadinta daga dukan jihohi, sai aka ga ashe fashewa, duk da ita ce take cika jaridu, ba ita ce babbar mai kisa ba. Ruftawar rufi da bango ita take cin kusan rabin mutanen, yau ɗaya, gobe biyu, ba mai jin labari sai iyalinsu. Daga shekarar 1947 hukumar ta dage wajen yaɗa dabarar ƙusar rufi. Akan huda rufin a zura doguwar sandar ƙarfe, a ɗaure ta tamau, ta haɗe shimfiɗun dutse masu rauni su zama kamar katako guda mai kauri. Ban da rage ruftawa, wannan ya kawar da gumakan katako da suke tare hanya, injuna suka sami wurin wucewa. Tun da yake dabarar ta zo da riba, kamfanoni ba su yi jinkirin karɓarta ba.

ƘURA DA HUHU

Akwai kuma kisan da ba ya ƙara. A shekarun 1914 da 1915, wani likitan gwamnati mai suna Anthony Lanza da injiniyan hukumar Edwin Higgins suka binciki mahaƙan dalma da tutiya a yankin Joplin na jihar Missouri. Suka tarar fiye da rabin mutanen da aka duba suna da ciwon huhu wanda ƙurar dutse mai silika take kawowa, da yawa kuma tarin fuka ya hau kai. Shawarar da suka bayar ba ta da wuyar ganewa: a riƙa huda dutse da ruwa, a jiƙa tarin duwatsu kafin a kwashe, a bar ƙura ta lafa bayan tashin nakiya, a kuma tanadi wurin wanka da sake tufafi. Ya kamata a riƙe wannan shawara ma, domin za a sake cin karo da ita a Zamfara bayan shekara 95.

Game da ƙurar kwal kuwa, nan an yi babban kuskure. An daɗe likitoci da hukumomi a Amurka suna ganin ba ta da wata illa ga huhu in babu silika a ciki, alhali Birtaniya ta amince da ciwon, ta fara biyan diyya tun 1943. Sai da mahaƙa fiye da 40,000 suka yi yajin aiki a West Virginia a farkon 1969 kafin maganar baƙin huhu ta shiga doka sosai. Wannan ya nuna mai bincike ma yakan makance ga abin da ba a ba shi kuɗin dubawa ba.

TACE MA'ADINAI

Ɗaya ɓangaren aikin hukumar shi ne neman hanyoyin fitar da ƙarfe daga dutse. Misali biyu sun isa. William Kroll, mutumin Luxembourg, ya ƙago hanyar fitar da ƙarfen titaniyam kafin Yaƙin Duniya na Biyu, amma a ƙaramin ɗakin gwaji. Ma'aikatan hukumar a Boulder City ta jihar Nevada su suka nuna ana iya yinsa da yawa, kana kamfanoni suka ɗauka daga 1948. Kroll kansa ya koma tashar hukumar ta Albany a jihar Oregon a 1945, inda aka bi irin wannan hanya aka fitar da zikoniyam, ƙarfen da aka yi amfani da shi cikin injin nukiliya na jirgin ƙarƙashin teku Nautilus, wanda aka ƙaddamar a 1954.

Misali na biyu ya shafi zinariya. Tun 1887 aka gano a birnin Glasgow cewa ruwan sayanaid yana narkar da zinariya daga niƙaƙƙen dutse. Amma niƙa yana da tsada, saboda haka dutsen da zinariyarsa ba ta da yawa sai a zubar. A farkon shekarun 1950 wani ma'aikacin hukumar, John Zadra, ya fito da hanyar ƙwace zinariya daga gyararren gawayin da ya tsotse ta, a kuma sake amfani da gawayin. A ƙarshen shekarun 1960 abokan aikinsa suka nuna cewa ana iya tara farfasasshen dutse tsibi a kan shimfiɗar da ruwa ba ya ratsawa, a riƙa yayyafa ruwan sayanaid a sama, a tare shi a ƙasa, a bi da shi ta cikin gawayi. Da wannan aka riƙa cin riba daga dutsen da zinariyarsa ba ta kai giram ɗaya cikin tan ba, jihar Nevada ta zama mai fitar da mafi yawan zinariyar Amurka. Dabarar tana da nata haɗari, domin sayanaid guba ce, in shimfiɗa ta yage ruwan sha ya ɓaci.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne, bincike ne mai cin shekaru wanda babu tabbacin zai biya, kuma in ya biya kowa zai amfana. Kamfani ba ya son zuba kuɗi a gonar da maƙwabci zai girba, in ma ya gano wani abu sai ya ɓoye. Hukumar kuwa takan buga sakamakonta a ƙananan littattafai, duk mai so ya karanta.

ILMI BA TARE DA IKO BA

Yanzu sai a koma ga abin nan da aka ce a riƙe. An tabbatar da amfanin garin dutse tun kafin 1920, amma ramuka da yawa suka ƙi watsa shi, domin kuɗi ne yake fita ba ya dawowa da riba a bayyane. Sai a 1941 aka ba ma'aikatan tarayya iznin shiga ramin kwal, shi ma don su duba su rubuta rahoto kawai.

Labarin ramin Centralia na jihar Illinois ya dace da kunnen ma'aikacin gwamnati. Sufeton jiha mai suna Driscoll Scanlan ya yi shekaru yana rubuta rahoto bayan rahoto cewa ƙura ta yi yawa a ramin, ba a kuma watsa garin dutse yadda ya kamata. Masu duba na tarayya ma sun rubuta haka. A 1946 mahaƙan suka rubuta wa gwamnan jihar takarda suna roƙon ya ceci rayukansu, takardar ta gangaro daga ofis zuwa ofis har ta komo ga ma'aikatar da ake ƙara. Ranar 25 ga Maris, 1947, ramin ya fashe, mutum 111 suka mutu. Babu abin da ba a sani ba. Komai yana rubuce a cikin fayil.

Haka dokokin suka riƙa zuwa, kowace a bayan jana'iza. Fashewar West Frankfort a Disamba 1951 ta ci mutum 119, sai aka yi dokar 1952 wadda ta ba da ikon rufe rami mai haɗari, amma ta tsame ramukan da ma'aikatansu ba su kai 15 ba, har zuwa 1966. Fashewar Farmington a Nuwamba 1968 ta ci mutum 78, sai aka yi dokar 1969, wadda ta wajabta duba kowane ramin ƙarƙashin ƙasa sau huɗu a shekara, ta sa tara, ta ƙayyade yawan ƙurar da mahaƙi zai shaƙa, ta kuma tanadi diyya ga masu baƙin huhu. Da iko ya zo sai wata matsala ta ɓullo: hukumar da aka ɗora wa bunƙasa haƙar ma'adinai ita ce kuma za ta ci tarar masu haƙar. Don haka a 1973 aka cire aikin sufetoci daga hannunta, dokar 1977 kuma ta mai da shi Ma'aikatar Ƙwadago.

Mahaƙan kwal biyar ne suka mutu a bakin aiki a Amurka a shekarar 2020, in aka kwatanta da 3,242 na 1907. Gaskiya ne yawan ma'aikatan ya ragu zuwa kimanin kashi ɗaya cikin goma, kuma yawancin kwal a buɗaɗɗen fili ake haƙarsa. Amma ko an cire wannan, ragowar bambancin babba ne.

RUFE HUKUMAR

A shekarar 1995 Majalisa, cikin yunƙurin rage kashe kuɗi, ta yanke shawarar rufe hukumar, aka rufe ta a 1996. Aka sallami ma'aikata fiye da dubu. Binciken tsaron mahaƙa ya koma cibiyar lafiyar ma'aikata ta ƙasa, lissafin ma'adinai ya koma hukumar safiyon duwatsu, amma yawancin binciken tace ma'adinai ya tsaya. Bayan shekaru Amurka ta wayi gari tana dogara ga ƙasar Sin wajen tace waɗansu muhimman ƙarafa. Ciwon baƙin huhu kuma, wanda aka zaci an ci ƙarfinsa, ya sake yawaita a yankin Appalachia daga wajen shekarar 2000, saboda ana yanka dutse mai silika tare da siraran shimfiɗun kwal da suka rage. Rushe ma'aikata aikin wata shida ne, tara gwanayenta kuwa aikin shekara talatin.

INDA LABARIN YA SHAFI NIJERIYA

Binciken gwamnati a kan ma'adinai ba baƙo ba ne a ƙasar nan. An fara safiyon ma'adinai a Kudu a 1903, a Arewa a 1904, aka gano kwal a Udi a 1909, aka kuma kafa hukumar safiyon duwatsu a 1919. Sai dai nauyin wannan aiki ya fi karkata ga tambayar ina arziki yake. Tambayar me zai sami mai haƙo shi ba ta sami irin wannan kula ba, musamman ga ƙananan mahaƙa da ba su ƙarƙashin kowane kamfani.

A farkon shekarar 2010, likitocin ƙungiyar Na-Gari-Na-Kowa suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Da fari an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, sai gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi, mutane suka shiga haƙo dutse suna kawowa cikin gida, a farfasa da guduma, a niƙa a busashe da injin niƙa, a shanya a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Dutsen kuwa cike yake da dalma, dangin dutsen nan da ake yin tozali da shi. Masanan hukumar safiyon duwatsu ta Amurka da suka gwada shi sun nuna cewa ruwa da iska sun riga sun juya dalmar zuwa wani nau'i mai saurin narkewa a cikin ciki. Yara wajen 400 suka mutu, dubbai suka bukaci magani. Aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, amma garin Bagega bai sami wannan aiki ba sai 2013, saboda jinkirin sakin kuɗi. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Maganin da aka bayar shi ne a fitar da niƙa daga gari, a niƙa da ruwa, a yi wanka a sake tufafi kafin a koma gida. Shawarar Joplin ke nan ta 1915. Da akwai ɗakin gwaji na gwamnati da yake bin sababbin wuraren haƙa yana auna dutsensu, da 'yan kwanaki sun isa a san akwai dalma a ciki.

KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata ana iya tsamo abubuwa huɗu. Na farko, lalle ne a riƙa ƙidaya kowace mutuwa da kowane rauni a wuraren haƙa, tare da sanadinsu, domin lissafi ne ya nuna wa Amurkawa cewa rufi ya fi wuta kisa. Na biyu, cibiyoyin bincike da jami'o'i su dubi bukatar ƙaramin mahaƙi: injin niƙa da ruwa wanda mai walda zai iya ƙerawa a kasuwa, da hanyar tokare rami mai araha, da hanyar kama tururin zaiba. A kuma kai masa sakamakon da harshen da yake ji, a nuna masa da ido kamar yadda aka yi a Bruceton. Na uku, a raba mai karɓar kuɗin shiga da mai duba lafiyar rami, a ba mai dubawa ikon tsai da aiki. Na huɗu, kuɗin bincike ya zama na dindindin, kada a jira sai an yi jana'iza.

Ɗalibin da yake zaune a nan, gobe shi ne injiniya ko likita ko mai gwajin dutse. Ma'aikacin gwamnati kuwa, wataƙila rahoto irin na Scanlan yana kan teburinsa yanzu haka yana jiran sa hannu. Mutanen Centralia 111 da yaran Zamfara sun mutu ne da abin da aka riga aka san maganinsa.